Tanti a kan mota, tanti a ƙasa ko kwana cikin mota: zaɓi kafin ziyarar Minuteman

A jihar Dakota ta Kudu a Amurka, a bakin babbar hanyar I-90, akwai tsohon sansanin makamai masu linzami na nukiliya, Minuteman, wanda aka mayar wurin tarihi a 1999. Ramin ajiye makami mai linzami na Delta-09 ana leƙa shi kyauta ta rufin gilashi. Ɗakin sarrafa harba makaman na Delta-01 kuwa, mai zurfin kusan mita 9 a ƙarƙashin ƙasa, mutum shida kawai ake saukarwa a lokaci guda, don haka sai an kama tikiti tun da wuri. Kudu da garin Wall da ke kusa da sansanin, a makiyayar Buffalo Gap, ana kwana a fili kyauta har kwana 14. Babu ruwa, babu banɗaki, babu ko bishiyar da za ta tare maka iska. Iskar nan ita ce ma'aunin abin da za ka saya.

Tantin kan mota yana ɗaukar ido, yana raba ka da macizai da laka. Amma yawanci yana kai kilo 50 zuwa 70, motoci da dama kuma rufinsu bai wuce ɗaukar kilo 75 ba idan suna tafiya, har da nauyin kariyar ɗora kaya. Duba littafin motarka kafin ka biya kuɗi. Yana ƙara shan mai, kuma a bakin tudu iska na kaɗa yadinsa dare farai, motar na rawa. Idan dole shi kake so, ɗauki mai murfi mai tauri, ka fuskantar da murfin inda iska ke fitowa. Ga kuma wata: duk lokacin da za ka tayar da mota sai ka naɗe shi.

Tantin ƙasa ya fi arha nesa ba kusa ba. Nemi gajere mai siffar ƙwarya a kife, sandunansa na alminiyum, domin na fiba suna tsagewa. Turakun da ke zuwa cikin jakarsa ba sa riƙewa. Sayi na ƙarfe masu tsawon santimita 25 zuwa 30, ka ɗaure dukan igiyoyin, ka faka motar ta zama katanga.

Ga mutum ɗaya ko biyu, mun fi ba da shawarar kwana cikin mota: a kwantar da kujerun baya, a shimfiɗa katifa, a sa ragar sauro a taga, a bar ta a ɗan buɗe saboda gumin numfashi da ke jiƙa gilashi. Kada a kunna risho a ciki, hayaƙinsa na kisa.

Kowanne ka zaɓa, tanadi ruwa lita 4 ga kowane mutum a rana. Ƙasar wurin yumɓu ce. Da ruwan sama ya taɓa ta sai ta cike zanen taya, motar ta riƙa sulɓi ko da mai jan taya huɗu ce. In ka ga hadari ya haɗo, koma kan kwalta tun kafin ya sauko.