Gad ko Takil: Ina Sabon Ɗan Wasa Zai Tsaya a Layin Gaba?

Masu bibiyar ƙwallon ƙafar Amurka (American football, wanda ake ɗaukar ƙwallo da hannu) sun sha tambayata wane gurbi ya fi dacewa da sabon shiga a layin gaba, inda mutum biyar ke kare mai jefa ƙwallo: santa a tsakiya, gad biyu a gefensa, takil biyu a bakin layi.

Gad yana da maƙwabta dama da hagu. In ya yi kuskure, akwai mai rufa masa. Amma ƙattin da suka fi kowa nauyi a ɓangaren abokan hamayya su zai tunkara, kafaɗa da kafaɗa, kuma wani lokaci sai ya bar gurbinsa da gudu don buɗe wa mai ɗauke da ƙwallo hanya.

Takil kuwa shi kaɗai ne a fili, gaban mai saurin kutsowa daga gefe. Takil na hagu ne ke tsare bayan mai jifa da hannun dama, inda ba ya gani. Ana son dogon mutum mai dogayen hannuwa da ƙafafu masu sauƙi. Kuɗin ma ya fi tsoka: a 2021 Trent Williams, takil na hagu, ya sa hannu da ƙungiyar San Francisco 49ers kan kusan dala miliyan 138 na shekara shida.

A kan sauya gurbi, ina yawan tuna Zack Martin. Takil ne a jami'ar Notre Dame, ƙungiyar Dallas Cowboys ta mayar da shi gad a 2014, ya shiga sahun gwanayen shekara tun kakarsa ta farko.

Mai ƙarfi, gajeren hannu, da ke son koyo cikin rufin asiri, gad ya fi masa. Dogo mai zafin nama wanda bai jin tsoron a bar shi shi kaɗai, takil.