Kan jirgin ya gamsar da ni, ƙarin dogon da na yi sautu ya ɓata mini aiki

Masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa na kan teburi ba mu da yawa a Yamai, kuma kusan dukkanmu hanya ɗaya muke bi wajen samun kaya, wato mu ba da sautu ga 'yan kasuwar da ke zuwa Faransa. Ni ma ta hannun wani Alhaji da ke wannan zirga-zirga na sayi akwatin farawa na ma'aunin HO (wato wani tsayayyen girma da ake ƙera ƙananan jiragen a kai), mai ɗauke da kan jirgi da taragai da dogon da ke yin zobe ɗaya, sannan na ƙara da sautun dogo mai yawa da masauyan layi, domin zobe ɗaya ba ya isar wanda yake son gina tasha. Kuɗin kuwa duk mai wannan harka ya san ba na wasa ba ne.

Kan jirgin ya fi yadda na zata. Taransifomarsa tana karɓar wutarmu ta volt 220 ba tare da wani ƙarin na'ura ba, ta mayar da ita kimanin volt 12, ta zuba a cikin ƙarafan dogo guda biyu, ƙafafun jirgin kuma su ɗebo wutar daga nan su kai wa injin. Idan na murɗa makunnin kaɗan, sai ya taso a hankali, ba fizga ba ƙara, yana jan taragansa da natsuwar jirgi mai nauyi, fitilarsa ta gaba tana haske daidai. A ma'aunin HO an rage kowane abu sau 87, tazarar dogon kuma milimita 16.5 ce, wadda take daidai da milimita 1,435 na babban dogo, irin wanda ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi. Duk wanda ya sa ido kusa da wannan ɗan inji zai ga an girmama ma'aunin, har matakalar direba da ƙofofin gefe an fitar da su.

Niyyata ita ce in kwaikwayi tashar jirgin Yamai da aka buɗe a 2014, da wani yanki na layin da ya nufi Doso, wanda aka shimfiɗa kimanin kilomita 140 amma har yau bai zama hanyar sufurin jama'a ba. Wancan layi tazararsa mita ɗaya ce, saboda haka wanda yake son ya bi ma'auni sosai dogo mai milimita 12 zai nema, abin da samunsa a nan yake da wuya, shi ya sa na tsaya a kan na gama-gari. 'Ya'yana ba su taɓa shiga jirgin ƙasa ba, kuma ina so ko a kan teburi ne su ga jirgi ya tashi daga garinsu. Na sayo falankin katako a kasuwar Katako, kafinta ya yi mini ƙafafu, na jera dogon, na tankaɗe yashi mai ɗan kauri na zuba a tsakanin layuka a matsayin tsakuwa, na ɗiga gam ɗin kafinta da aka tsarma da ruwa har ya bushe ya kama. Duk tsawon bazara jirgin yana zagayawa lafiya, ƙura ce kawai nake sharewa da ƙyalle.

Da damina ta kankama, a cikin watan Agusta, sai jirgin ya fara tsayawa a tsakiyar hanya. Fitilarsa ta riƙa ƙyaftawa, ana ganin ɗan tartsatsi a ƙarƙashin ƙafafun, idan na tura shi da yatsa ya yi gaba kaɗan ya sake cijewa. Na ɗauki kan jirgin na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu, ya buɗe shi, ya ba shi wuta kai tsaye da waya biyu, ƙafafun suka yi ta juyawa sumul. Ya ce mini, "Malam, injinka lafiyarsa ƙalau, mu je in ga inda yake takawa." Da muka iso gida ya durƙusa ya ƙura wa dogon ido, ya shafa yatsa a kai, yatsan ya fito da jan tsatsa. Sai ya ciro mayen ƙarfe na tsohuwar sifika daga aljihunsa ya bi layin da shi. A kan dogon da ya zo cikin akwati mayen bai kama komai ba, amma yana isa kan dogon sautu sai ya manne, har sai da ya sa ƙarfi ya ɓamɓare shi.

Yawancin dogon da ake yi a yanzu gami ne na jan ƙarfe da nikel da tutiya, wanda ba ya tsatsa kuma maye ba ya jansa. Wanda aka kawo mini tsohon yayi ne na baƙin ƙarfe, an yi masa ɗan shafe a sama, an goge shi ya yi ƙyalli, a ido ba za a bambance shi da sabo ba. Raɓar damina ta shiga duk inda shafen ya koɗe, tsatsa kuma ba ta barin wuta ta wuce. Saman dogon ana iya gogewa, ko da yake gobe zai sake yin ja, kuma samfefa ƙara karce shi take yi ta cinye sauran shafen. Babbar matsalar tana cikin 'yan ƙarafan da ke haɗa dogo da dogo, domin can ciki tsatsar ta zauna inda hannu ba ya kaiwa. Dattijon ya gwada liƙa waya da dalma a gefen kowane dogo, amma baƙin ƙarfe mai tsatsa ba ya karɓar dalma cikin sauƙi, zafin kuma yana narkar da robar da ke riƙe da shi.

Dole na cire fiye da rabin layin. Na riƙa jiƙa yashin da ruwan ɗumi har gam ɗin ya saki, ina zura bakin wuƙa a ƙarƙashi ina ɗagawa a hankali, duk da haka dandamalin tashar da na yi da kwali ya sha ruwa ya kumbura, fentin ƙasar da na daɗe ina daidaitawa da jar ƙasar hanyar Doso ya wanke. Ƙaramin ɗana yana tsaye yana tambayata, "Baba, jirgin ya mutu ne?" Wannan tambaya ta fi asarar kuɗin yi mini ciwo.

Zan yi wa Alhaji adalci. Ya kawo kayan a lokacin da ya yi alkawari, ya naɗe su da kyau babu abin da ya karye, kuma shi ba ma'abocin wannan harka ba ne, mai yiwuwa shi ma haka aka sayar masa. Har na yi niyyar in bar maganar a nan. Amma da na same shi na ce, "Alhaji, dogon nan tsoho ne, ya yi tsatsa," amsar da ya ba ni ita ce, "Ɗana, ai ƙarfe ƙarfe ne, ka shafa masa mai." Mai kuwa ƙura yake tarawa, ya kuma sa ƙafafun jirgi su yi santsi. A takardar sautun na rubuta masa sunan irin ƙarfen da nake so ƙarara, kuɗin sabo ya karɓa, kayan kuma sun zo a leda ba cikin kwalin kamfani ba, da na tambaya a ranar ya tabbatar mini cewa don rage nauyi ne aka cire kwalayen. Bai nemi ya maido ko kaɗan daga kuɗin ba, bai kuma ce zai bincika wurin wanda ya sayar masa ba.

Akwatin farawar kansa zan iya shaidarsa ga kowa, domin zoben da ya zo da shi ya ratsa daminar nan tas, goge shi kawai nake yi da ɗan alkol na kantin magani. Sautun dogo kuwa ba zan sake bayarwa ta wannan hannu ba, kuma wanda duk aka kawo masa dogo a leda ya ɗora masa mayen ƙarfe tun a gaban mai kayan, kafin ya biya sauran kuɗi. Tsofaffin ƙarafan da suka fita ba tare da sun karye ba na mayar da su layin ajiye taragai a bayan tasha, inda ba a bukatar wuta. Sabon dogon kuma wani ɗan'uwana da ke karatu a Faransa zai saya mini da kansa a kanti, ya taho da shi a cikin kwalinsa idan ya zo hutu.