Yuro talatin don ganin kambin da mai shi bai taɓa sawa ba

Kawuna ya zo Faransa ganin likitan ido a watan jiya, kuma tun kafin ya taso daga gida ya faɗa mini inda zan kai shi in an gama da asibiti. Bai ce hasumiyar Eiffel ba, bai ce kantuna ba, kabarin Sharl Martel, jagoran yaƙin Faransawan dā, yake son gani. Shekara ashirin da ɗoriya ya yi yana koyar da tarihi a Maraɗi, ya rubuta sunan mutumin nan a allo ba adadi, kullum tare da yaƙin Poitiers na shekarar 732. Ni kuwa shekarata tara a bayan garin Paris ban taɓa leƙa majami'ar Saint-Denis inda kabarin yake ba, alhali a kasuwar da ke kusa da ita nake sayen kuɓewa da busasshen kifi.

Na samu wani ƙaramin kamfanin 'yan rakiya a intanet. Tallarsu ta ce zagayen awa biyu, da Faransanci, mutum ba zai wuce 12 ba, kuma batun shi ne sarakunan farko na Faransawan dā da masu riƙe musu fada. Yuro 30 kowane kai, har da kuɗin shiga. Na biya 60 ina ƙunƙuni, don na san shiga zauren majami'ar kyauta ne, ɓangaren kaburbura kaɗai ake biya, kuma tikitinsa bai kai rabin wannan ba.

Bari in fara sauke abin da ke raina. Mu 19 ne, na ƙirga. An fara a makare da minti goma sha biyar. 'Yar na'urar kunne da aka ba Kawu sai ƙara take kamar rediyon da batir ya gaji, babu kuma ta canji, dole na ba shi tawa na riƙa manne wa matar da ke jagora kamar ɗan kaza. Wannan laifin kamfani ne, kuma na rubuta musu.

Amma matar, dattijuwa mai farin gashi da takalmin roba, ta san aikinta. A kabarin Dagobert ta tsayar da mu, sarkin da ya mutu a 639. An sassaƙa masa dogon gini a gefen wurin ibada, inda ake ganin aljanu sun sa ransa a kwalekwale, sannan waliyyansu uku sun zo sun ƙwace shi. Kowa na ɗaukar hoto, ita kuwa ta ce mu bar kallon aljanun mu tambayi abu ɗaya: da ya mutu ya bar 'ya'ya biyu ƙanana, ƙaramin bai wuce shekara biyar ko shida ba, to wa ya riƙe ƙasa?

Daga nan ta shiga bayanin muƙamin mai fada. Da Latin ana ce masa maior domus, wato babban mai kula da gida. Faransawa suka mai da shi maire du palais, abin da ya sa tun ina lakwal nake zaton wani magajin gari ne. Ashe asalinsa mai lura da bayi da rumbuna da gonakin sarki ne. Ba shi kaɗai ne a fada ba: akwai mai riƙe da hatimi da takardu, akwai mai taya sarki shari'a, akwai ma'aji, akwai mai kula da dawakai. Kawu ya taɓo ni ya ce, "Ka ji Shamaki ke nan." Sai dai wanda ke rabon gonaki shi ke da bakin manya, kuma in sarki yaro ne, ta hannunsa ake ganin sarki. Ƙasar ma a rabe take: Austrasia a gabas wajen Metz da Kolon, Neustria wajen Paris da Soissons, ga kuma Burgundiya, kuma akan samu kowace da nata mai fada. Yaƙe-yaƙen da ake jingina wa sarakuna, da yawa rigimar waɗannan ce.

Labarin da ya fi kama ni shi ne na Grimoald, ɗan Pepin na Landen. Da sarkin Austrasia Sigebert na Uku ya mutu, sai Grimoald ya sa aka aske ɗan sarkin, aka tura shi can Ailan gidan masu ibada, ya ɗora nasa ɗan a gadon mulki. Manyan Neustria suka kama shi suka kai Paris, nan ya gamu da ajalinsa. Matar ta ce ya yi gaggawa ne da kusan shekara ɗari. Zuriyar gidan ta ɗauki darasi: a riƙe ƙasa, a bar wa masu dogon gashi kujera. Dogon gashi shi ne alamar sarautar gidan Merovech, wato zuriyar su Dagobert, shi ya sa aski a wurinsu daidai yake da tuɓe rawani. Ta ambaci Ebroin na Neustria da ya sa aka ƙwaƙule idon limamin Kirista na Autun, ta wuce da sauri, na kuma gode mata, don Kawu bai daɗe da cire bandeji ba. Sai Pepin na Herstal, uban Sharl Martel, wanda ya ci yaƙin Tertry a 687 ya haɗe fadodin a hannunsa.

Sannan muka iso inda muka zo dominsa. Mutum-mutumi biyu na dutse kwance kusa da juna, Clovis na Biyu da Sharl Martel, kowanne da kambi a ka. Kawu ya tsaya ya gyara tabarau, ya ce da Faransancinsa na tsofaffin malamai, "Madam, ai wannan bai yi sarauta ba."

Ta yi murmushi ta ce tun safe take jiran wanda zai faɗi haka. An sassaƙa su ne wajen 1264 bisa umarnin Louis na Tara, fiye da shekara 500 bayan mutuwar Sharl, lokacin da sarakunan Faransa ke son a ga sarauta ta gangaro musu a layi ɗaya ba yankewa. Shi kuwa mai kabarin har ya mutu a 741 mai fada ne. Matar ubansa Plectrude ta ma kulle shi a Kolon bayan mutuwar uban a 714, ya tsere ya ƙwaci muƙamin da takobi. Da sarki Theuderic na Huɗu ya mutu a 737, bai hau ba, bai kuma naɗa kowa ba: shekara huɗu har mutuwar Sharl gadon mulki ba kowa, ƙasa na tafiya. A ganina wannan minti goman shi na biya wa kuɗi. Da ni kaɗai na shiga, kambin zan gani in ce ga wani sarki, in wuce.

Na sa kunne in ji yadda za ta yi da Poitiers, don na san yadda wasu a ƙasar nan ke ɗaga sunan Sharl Martel in suna son cusa wa Musulmi haushi. Ta faɗi abin da ya faru ba ƙari: rundunar Andalus ƙarƙashin Abdurrahman al-Gafiƙi, an kashe shi a fagen, rundunar ta janye da dare. Ta ƙara da cewa Musulmi sun ci gaba da riƙe Narbonne har 759, kuma Sharl ya fi ɓata shekarunsa wajen yaƙar Saksawa da Firisawa da 'yan'uwansa Kiristoci, har da ƙwace filayen coci yana raba wa mayaƙansa. Kawu ya ce Larabawa na kiran wurin Balaɗus Shuhada'i, ta ce ta sani, ta kuma maimaita sunan don sauran su ji.

A wuri ɗaya suka saɓa. Ta yi amfani da laƙabin nan da ake yi wa na ƙarshen gidan Merovech, wai ragwayen sarakuna, masu yawo a keken shanu. Kawu ya ce wanda ya bar mana wannan hoto Einhard ne, bafaden Sharlaman, shi kuwa Sharlaman jikan Sharl Martel ne, kuma ba a tambayar maroƙin sabon sarki halin wanda aka tuɓe. Ta amsa cewa gaskiyarsa, amma lokaci ya ƙure. Nan cunkoson ya cuce mu. Wasu daga cikin rukunin sun matsa sai an kai su wurin Marie Antoinette, aka ɓata minti ashirin can, alhali ba abin da aka tallata ba ke nan. Ƙarshen labarin, wanda a cikin ginin nan ya faru, a tsaye kan matakala muka ji shi: Pepin Gajere, ɗan Sharl, ya aika wa Fafaroma Zakariya tambaya ko wa ya fi cancanta da sunan sarki, mai iko ko marar iko; a 751 aka aske Childeric na Uku aka kai shi gidan ibada; a 754 Fafaroma Stephen na Biyu ya shafa wa Pepin da 'ya'yansa mai a nan Saint-Denis. Bayan ya hau, bai ƙara naɗa kowa mai fada ba. Wanda ya san ta inda ya haura katanga ai ba ya barin tsani a jingine.

Ɗakin ƙasa, inda akwatunan dutse na zamanin suke, minti biyar aka ba mu. Ta dai tuna mana cewa ƙasusuwan ba sa ƙarƙashin mutum-mutumin: a 1793 'yan juyin juya hali sun tone kaburburan sun zuba su a rami, sai a 1817 aka tattara abin da ya saura aka rufe a bango guda.

In kana jin Faransanci kuma tarihin ya dame ka, ka biya, amma ka tambayi yawan mutane kafin ka tura kuɗi, ka gwada na'urar tun a ƙofa, ka kuma zaɓi ranar aiki. In gine-gine da gilasai masu launi kawai kake so, tikitin ƙofa ya ishe ka. Ka sa riga mai kauri, cikin akwai sanyi ko da rana ta fito. Jirgin ƙasa layi na 13 yana ajiye ka dab da wurin.

Da muka fito Kawu ya ce in mayar da shi ciki da tikitinmu, aka ce an riga an yi amfani da shi. Na sayi wani, nasa kaɗai, na zauna a dandalin waje ina jiransa. Ya yi kusan awa ɗaya, ya fito da shafi uku na rubutu a ɗan littafinsa, yana mitar cewa da ya san zancen kambin nan tun yana aiki, da ya sa shi a jarrabawa.