Girgiɗin bakin tsohon bais: ciko da fallen tagulla ko walda?

Malam, ka ce ka sami tsohon bais na kan benci, wato abin da ke matse ƙarfe ya riƙe shi ana aiki a kansa, ka kankare tsatsarsa, amma bakin da ke motsi yana girgiɗi, kuma an ba ka shawara biyu: ka sa ciko, ko ka kai wa mai walda ya ɗora nama, wato ƙarin ƙarfe, a goge. Kafin ka zaɓa, gano inda girgiɗin yake, domin wurare uku ne, biyu daga ciki kuwa ba ruwansu da ciko ko walda.

In farantai masu haƙora ne ke motsi, sukurorinsu ne suka saki, ɗaurewa kawai suke so. In hannu ne ke yin rabin zagaye kafin baki ya motsa, laifin dogon sukuru ne: wosha ta cinye, ko babban notin ya saki a mazauninsa. A bais irin na kamfanin Record na Ingila, sifirin da wosha da fin (ɗan ƙusan da ke tare su) ne ke riƙe sukurun daga ciki, sau da yawa sabon sifirin ya gama magana. Kwatan zagaye ba ciwo ba ne, tiredin dama da ɗan sarari aka yanka shi.

Na uku shi ne asalin tambayarka. Buɗe bakin kamar milimita 50, ka kama shi ka girgiza hagu da dama, sama da ƙasa. In ya yi lilo, sandar da ke shige da fice ce ta ci ramin da take bi. Wanke sandar da ramin da kananzir, ka auna sararin da ke tsakaninsu da fila geji, wato siraran fallayen ƙarfe na auna sarari, sannan ka auna kaurin sandar a wuri uku: kusa da baki, tsakiya da wutsiya. Kada ka tsallake wannan. Sandar ba ta cinyewa daidai, ta fi ramewa kusa da baki inda ake yawan aiki, wutsiya kuwa tana nan kamar sabuwa.

Ciko shi ne a yanko fallen tagulla mai kaurin milimita 0.1, 0.2 ko 0.5, a shimfiɗa shi cikin ramin jikin bais, ba a kan sandar ba. A lanƙwasa bakinsa biyu su kama gefen ramin, a manne shi da gam mai haɗi biyu bayan an goge duk wani maiƙo. A bar sarari na milimita 0.1 zuwa 0.2. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zaɓi falle gwargwadon wurin da ya rame: bais ya yi kyau a rufe, da an buɗe shi sosai sai ya cije. Maganinsa a sassabe wutsiyar da magagari har kaurin ya yi kusan ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, sannan a zaɓi falle. Tagulla ta fi ƙarfen taushi, ita za ta riƙa cinyewa, in ta ƙare a ɓamɓare a sa wata. Gwangwanin lemo ma yana yi don gwaji, amma ba ya daɗewa.

Walda kuwa wani abu ne daban, saboda yawancin tsofaffin bais ƙarfen zubi ne, mai yawan kabon, mai tsagewa in ya yi zafi a wuri ɗaya ya huce da sauri. Rodin walda na yau da kullum, irin 6013, yana barin gefen ɗinkin da taurin da magagari zai riƙa zamewa a kai, ga tsaga a ƙarƙashi wadda ido ba ya gani. In dole ne, rodin nikel ake sawa. A ɗumama ƙarfen gaba ɗaya zuwa digiri 300 ko fiye a ma'aunin Salsiyas, a riƙa ɗora gajeren layi da bai wuce milimita 25 ba, a bubbuga shi da ƙaramar guduma tun yana da zafi, a binne cikin busasshen yashi ya kwana. Bayan duk wannan, sai an mayar da fuskar a miƙe sak, abin da ke da wuya da hannu in ba injin goge ƙarfe.

A ganinmu, in sararin bai wuce milimita 1 ba, ciko ya fi ta kowace fuska: awa biyu, ba wuta, kuma in an yi kuskure ana iya cirewa. Walda sai in wani yanki ya ɓalle, ko dandamalin da sandar ke hawa a kai ya guntule, inda babu abin da falle zai zauna a kai. In kuwa sandar kanta ta tsage a bayan baki, wanda yawanci sa bututu a hannu don ƙara ƙarfi ke jawowa, ko an yi mata walda kada a sake amince mata da aiki mai nauyi.

Wajen haɗawa, giris a tiredi da wosha, a kan sandar kuwa ɗan mai kaɗan, domin giris a fili yana tara garin ƙarfe ya koma kamar samfefa.