Kwana biyu a Yankari muna koyon ɗaukar hoton tsuntsaye

Wani abokin aikina ne ya turo min sanarwar a WhatsApp: bita ta kwana biyu a Yankari, kan ɗaukar hoton tsuntsaye da namun daji, da kuma yadda mutum zai gyara tsakar gidansa tsuntsaye su riƙa sauka. Na biya kuɗin rajista ina gunaguni, don ni ba ni da kyamara sai waya.

Motar da masu shirya bitar suka ce za ta bar Bauchi ƙarfe bakwai ba ta motsa ba sai wajen tara. Muka kama hanyar Gombe, muka karya kwana a Dindima, kafin mu wuce ƙofar Mainamaji mu isa sansanin Wikki rana ta take. Safiyar da ake cewa ita ce lokacin tsuntsaye ta tafi a mota.

Darasin farko na masu manyan kyamarori ne. Malamin ya san aikinsa, amma ya shafe awa biyu yana bayanin yadda ake saita kyamara ta ƙifta cikin kashi ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa don kama tsuntsu a sama, mu kuwa masu waya, da mu ne muka fi yawa, muna ta hamma. Sai can ƙarshe ya nuna mana dabarar da ta fanshi kuɗina: ka ɗora idon wayarka a bakin madubin hangen nesa, ka ba rana baya, ka durƙusa daidai tsayin tsuntsun, ka nemi idonsa.

Washegari da asuba muka nufi kogin Gaji. Watan Fabrairu ne, ciyawa ta bushe, kowace dabba ruwa take nema. An ce mana dajin, wanda aka keɓe tun 1956, yana da tsuntsaye sama da iri 350. Ni dai da ƙyar na ƙirga ashirin: cilakowa, zalɓe, garken zabin daji, da carki a gadon bayan ɓauna. Da muka hango burtu biyu suna takawa ƙasaita-ƙasaita, na yunƙura zan matsa, sai dattijon da ke mana jagora ya riƙe min hannun riga.

"Ɗana, tsuntsu ba a bin sa. Zauna, shi zai zo."

Na zauna har ƙafata ta yi tsami. Burtun nan, da a da kansa kawai na sani a goshin mafarauta, ya zo kusa har ina ganin gashin idonsa zara-zara. Hoton bai fita tas ba, amma shi ne a fuskar wayata yanzu. Giwa kam ba mu gani ba, sai kashinta. Gwaggon biri kuwa ya wafce min burodi ina tsaka da wanka a ruwan ɗumin Wikki, duk da an gargaɗe mu.

Abin da ya fi ba ni haushi, darasin lambu, wanda a ganina ya fi kowanne amfani, a awar ƙarshe aka cusa shi ana ɗaure kaya. A taƙaice: a aje kasko mara zurfi da ruwa a inuwa, a sa dutse a ciki don ƙanana su samu wurin tsayawa, a riƙa sauya ruwan duk bayan kwana biyu saboda sauro. A shuka ɓaure ko magarya, a rage feshin magani, don da ƙwari yawancin tsuntsaye ke ciyar da 'ya'yansu. Da aka zo batun tara busassun ganye a lungu, wata Hajiya ta ce, "Malam, kunama da maciji fa? Muna da yara." Bai ba ta gamsasshiyar amsa ba, ni ma wannan shawarar ban ɗauka ba.

Mai niyyar zuwa ya fara tambaya ko za su ware masu waya daban, kuma ya tafi da madubin hangen nesa nasa, don guda uku muka yi ta karɓa-karɓa da su.

Kaskon yana nan gindin gwaibarmu. Kwana huɗu ba wanda ya kula shi, uwargida har ta fara cewa, "Malam, a dawo min da kaskona." Ran na biyar kurciyoyi biyu suka sauka, yanzu har da wasu 'yan mitsi-mitsin jajayen tsuntsaye da ke zuwa bayan sallar asuba. Saura kyanwar maƙwabta, wadda ita ma ta gane lokacin.