Duba aikin kafinta ko ƙidayar zobban itace: wanne ya fi nuna shekarun gini?

Malam, ka tambaya ko ana iya sanin shekarun tsohon gini mai ginshiƙan katako ta duba shi da ido kawai, ko kuwa sai an kira masu ƙidayar zobban itace, wato da'irorin da ake gani a cikin kututture idan an yanke shi. Kowace hanya da abin da take faɗa: ido yana nuna zamanin da aka yi aikin, zobba kuwa suna nuna shekarar da aka sare itacen, kuma su biyun ba kullum suke zuwa ɗaya ba.

Duba da ido shi ne mai sauƙin kuɗi, kuma ba ya taɓa ginin. Ana bin sawun kayan aiki a jikin katako: gizago yana barin 'yan ramuka, zarton hannu yana barin layuka karkatattu marasa tsari, zarton injin ruwa yana barin miƙaƙƙu masu tazara ɗaya, zarto mai kewaya kuma, wanda ya yaɗu a ƙarni na 19, yana barin layuka masu lanƙwasa. Ƙusa ma shaida ce, domin a Amurka ta maƙera aka yi amfani da ita har ƙarshen ƙarni na 18, sannan wadda inji ke yankawa, kafin ta waya ta mamaye kasuwa wajen 1890. A Ingila, idan aka tarar da kunkunniya ta baƙanta katakon rufi, alama ce an zauna a gidan ana hura wuta a tsakar ɗaki, tun kafin bututun hayaƙi ya zama ruwan dare a ƙarni na 16. Raunin hanyar shi ne kafinta ba ya saurin sakin abin da ya gada, saboda haka salo ɗaya kan daɗe a wani yanki bayan an daina shi a wani, kuma sau da yawa ƙiyasin ba ya wuce a ce wajen rabin ƙarni kaza.

Ƙidayar zobba ta fi wannan kaifi nesa ba kusa ba. A ƙasashen da itace ke tsayar da girma lokacin sanyi, kowace shekara yakan ƙara zobe ɗaya, mai faɗi a shekara mai albarka, siriri a shekarar wahala, har jerin ya zama kamar zanen yatsa na wannan zamanin. Masanin taurari A. E. Douglass ne ya kafa wannan ilimi a jihar Arizona ta Amurka, kuma a 1929 ya gano shekarun tsofaffin gidajen mutanen Pueblo, 'yan asalin yankin, da shi. Ana huda katako a zaro ɗan siriri kamar kaurin yatsa, a gwada jerin zobbansa da jerin zobban itatuwan yankin da aka riga aka san shekarunsu. Ana son zobba aƙalla 50. Idan zoben ƙarshe da ke ƙarƙashin ɓawo yana nan, ana samun ainihin shekarar sara. Idan kuwa kafinta ya feƙe shi ko ƙwari sun cinye, sai dai a ce an sare bayan shekara kaza. Abin da ya sa sakamakon ke da amfani shi ne kafintocin da suna aikin itacen oak, wani itace mai ƙwari da ake gini da shi a Turai da Amurka, tun yana ɗanye, don ya fi laushin sassaƙa, ke nan ba a cika samun tazara mai yawa tsakanin sara da gini ba. Gidan Fairbanks da ke Dedham a jihar Massachusetts an daɗe ana cewa na 1636 ne, zobba suka mayar da shi wajen 1641.

Sai dai akwai tarko, kuma shi na fi so ka lura da shi. Ginshiƙin tsakiya na hasumiyar haikalin Horyuji a Japan an gano an sare shi a 594, alhali tarihin ƙasar ya rubuta cewa haikalin ya ƙone a 670 aka sake gina shi. Zobban ba su yi ƙarya ba, katakon ne ya girmi ginin. Haka yake a duk inda aka kwaso katako daga wani rusasshen gini, kuma ido ne kaɗai zai gane irinsa, ta ramukan haɗi da suke wofi a inda ba su da aiki, ko lambobin Rumawa da kafinta ya zana don sanin inda kowane katako zai shiga, waɗanda ba su bi jerin maƙwabtansu ba.

Gwajin kabon, wato auna sinadarin kabon da ya rage a katako don ƙiyasta shekarunsa, ban cika ba da shawararsa a nan ba, sai idan zobba sun yi kaɗan, domin daga wajen 1650 zuwa 1950 sakamakonsa kan nuna zamani fiye da ɗaya.

A ganina, ka fara da wanda ya san aikin katako, ya zagaya ginin har cikin rufi ya ware katakon asali daga na gyara da na aro. Bayan nan ne za a huda katako shida zuwa takwas daga cikin na asalin, a fifita masu sauran gefen ɓawo, domin idan da yawansu suka nuna shekara ɗaya ko biyu, ka samu amsar da za ka iya dogara da ita.