Memuwar karatu kan zaɓen aboki da illar yabo: bitar aikin wani shago a Tawa

A layin masu gyaran salula na babbar kasuwar Tawa akwai wani ɗan shago da ke ɗora wa mutane karatun malamai a kart memuwar. Masu wannan sana'a suna da yawa, sai dai galibinsu juyewa kawai suke yi: ka miƙa kart, a kwarara maka wa'azi da waƙa da wasan kwaikwayo a haɗe. Shi wannan mai shagon yana ware karatu fanni-fanni. Kundin da muka saurara shi ne na zaɓen abokin zama da guje wa bambaɗanci, kimanin awa 40, duka da Hausa.

Ya buɗe da muƙaddimar Ahalari, kuma ya kyauta da ya yi haka, don kusan duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya bi ta wurin: bai halatta ga baligi ya abokanci fasiƙi ko ya zauna da shi ba sai da lalura, kada kuma ya nemi yardar halitta da fushin Mahalicci. Sai babi na 45 na Riyadus Salihin, inda hadisin Abu Musa al-Ash'ari yake, wanda ya kwatanta abokin kirki da mai ɗauke da almiski, mugun aboki kuma da mai hura zugazugi. Na farko ko ya ba ka, ko ka saya, ko ka shaƙi ƙamshi. Na biyu ko ya ƙona maka tufa, ko ka kwashi wari. Murya ta fito tas a nan.

Inda kundin ya fi nauyi shi ne karatun Bidayatul Hidaya na Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira. Sharuɗɗa biyar ya kafa wa wanda za a riƙa aboki: hankali, kyawun hali, salihanci, rashin kwaɗayin duniya, da gaskiya. Malamin da aka ɗauko bai yi gaggawa ba, ya ba kowane sharaɗi zama guda. Ya fi daɗewa kan hankali, ya bayyana abin da ya sa wawa ke cutar da kai alhali nufinsa ya amfane ka. Misalansa kuwa na fada ne, inda samari ke kwana kan shayi, da na ƴan ci-rani da ke haɗa ɗaki a Abijan, inda abokin ɗakinka ne zai tashe ka asuba ko ya koya maka barin ta. Duk ɗan Adar, wato yankin Tawa, ya san wannan zaman. (Kalmar fada ma ita ta haifi fadanci, kuma wanda ke sayen sukari da ganyen shayi kullum ya san yadda maganarsa ke zama daidai a bakin kowa.)

Ɓangaren yabo ya ɗauko illoli shida da Gazali ya lissafa a Ihya. Huɗu na kan mai yabon: ya zarce har ya faɗa ƙarya, ya nuna ƙaunar da ba ta cikin zuciyarsa, ya faɗi abin da bai tabbatar ba, ya faranta ran azzalumi. Biyu na kan wanda aka yaba: girman kai da jiji-da-kai, sai sanyin jiki wajen aiki don yana ganin ya riga ya kai. An kawo ruwayar Muslim ta Miƙdad, da ya durƙusa yana watsa tsakuwa a fuskar wani mai yabon Sayyidina Usman a gabansa. An kawo ta Abu Bakrata, inda Annabi (SAW) ya ce wa wani mai yabo ai ya riga ya yanke wuyan ɗan'uwansa da yabon nan, ya kuma koyar da cewa in yabon ya zama dole, a ce ina zaton wane kaza ne, Allah ne mai yi masa hisabi. Malamin bai rufe ƙofa ruf ba. Ya kawo bayanin Imam Nawawi cewa hanin na wanda ake jin tsoron yabo zai ɓata shi ne, shi ya sa Annabi ya yabi Sayyidina Abubakar ido da ido.

Abin da ya rage a kundin babba ne. Babu darasi ko ɗaya da ya raba mudara da mudahana. Mudara ita ce ka sassauta wa mutum, ka ba da wani abu na duniyarka don gyaran addini ko zaman lafiya. Mudahana ita ce ka sayar da addininka don duniya, kamar yadda aya ta 9 ta Suratul Ƙalam ta nuna. Wanda bai ji wannan ba zai iya ɗaukar sakin fuska ga surukinsa ko maigidansa a matsayin munafunci, ya koma gatsali da sunan gaskiya.

Aibi na biyu har dariya yake ba mutum. Kusan rabin darussan suna farawa da mai gabatarwa yana zuba wa malam kirari, kogin ilimi, fitilar zamani, sannan ya bi alhazan da suka kawo gudummawa ɗaya bayan ɗaya. Wani wurin sai an ci minti 10 kafin a shiga karatun da ke hana yabon mutum a gabansa. Mai shagon na iya yankewa, amma sai an roƙa. A ce masa: "Malam, don Allah a cire mini gabatarwa, a bar karatun zalla." Zai ce a dawo bayan la'asar.

Ta wajen na'ura, aikinsa ya fi na maƙwabtansa tsabta. Darussan MP3 ne, kowace awa na cin kusan mega 29, don haka kundin duka bai kai giga ɗaya da rabi ba. Kart mai giga 4 ya wadatar, kada a bari a tura wa mutum mai 64. Manyan kart ɗin na zuwa da tsarin ajiya na exFAT, ƙananan rediyoyi masu cin memuwar da salula mai maɓalli kuwa yawanci FAT32 suke karantawa, sai a je gida a tarar shiru. Lambobin darussa ya rubuta su 01, 02, 03, abin da ke hana na'ura tsallakawa daga darasi na 1 zuwa na 10. Darussa uku dai daga WhatsApp aka kwaso su ba a juya su ba, suna buɗewa a babbar salula amma ba sa buɗewa a rediyo. A sa ya mayar da su MP3.

Wanda ya zo da kart ɗinsa daga waje ya kula da jabu: tana nuna giga 32 alhali cikinta bai kai haka ba, kuma abin da aka zuba bayan ta cika lalacewa yake yi. Kafin a biya kuɗi, a saka kart a rediyon da za a yi amfani da shi, a buɗe darasin farko, na tsakiya da na ƙarshe, a matsar da kowanne zuwa kusa da ƙarshensa a ji ko yana tafiya.